Mun Kai Ki Hannun Surukinki

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ke kwance a maƙabartar gabas da Madawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabin da ya kamaci ɗa a gaban uwarsa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima. Mu nan muna lafiya, irin lafiyar wanda ya haura saba'in: gwiwa na ƙara, ido na gardama, haƙora kuwa sun ragu har na san sauran ɗaya bayan ɗaya.

Inna, akwai magana. Shekara arba'in ina ɗauke da ita, ban taɓa zama na jera ta daga fari ba. Na san da kina raye aka ce ga takarda daga wurina, da kin ce a kai wa wani can ya karanta da ƙarfi, ke kuma ki duƙa kina tsince wake kamar ba da ke ake ba. Haka muka rayu ni da ke. Yaran yanzu da za su leƙa takardar nan ba lallai su gane ba, don haka bari in faɗa musu a gabanki. Ni ne ɗanki na fari. A ƙauyenmu na bayan Babankatami, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi. Tun ina shekara biyu aka miƙa ni ɗakin Kaka. A bakinta na sha tatsuniya, a tabarmarta na yi fitsarin kwance. Ke kuma, in kina son a ba ni hura, sai ki ce da iska: “Ga ragowa nan, in akwai mai sha.” Ragowar kan cika ƙwarya har baki, da nono mai kauri a sama.

Kin tuna auren Hajo, ƙanwata, shekara uku bayan yunwar saba'in da huɗu? Isuhu ya aure ta, yaro mai sanyin hali daga wajen Bangi. Ban taɓa ganin surukin da ya kai shi kunya ba. In ya hango ki a hanyar rijiya, sai ya faɗa gonar mutane ya zagaya. Ranar da kuka yi kiciɓis a lungun gidan Maigari, ya cire takalmi ya tsuguna, ke kin juya kin fuskanci danga, kuka gaisa kowa na magana da wani abu daban, shi da ƙasa, ke da kara. Har akuya ta zo ta wuce tsakaninku ba wanda ya kore ta. Garin duka aka yi ta yabonku. Ke da kanki kin ce wa Kaka: “Wanga yaro ya san mutane.”

Hajo ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Isuhu bai daina aiko miki da goro kowace salla ba, bai kuma daina zagaya gonar mutane ba.

Sai shekarar tamanin da huɗu ta zo. Ba sai na ba ki labarinta ba. Gero ya fito tsawon hannu ya tsaya yana kallonmu, mu ma muna kallonsa, har ya bushe. Gari ya watse. Matata ta kwashi yara ta yi kudu wajen danginta. Ni na samu aikin jera duwatsu a kan tuddan Kaita, ana sallamarmu da hatsi da ɗan mai. A cikin wannan hali ne kika faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinki na hagu ya shanye. Baki bai taɓu ba, hankali bai taɓu ba. Amma ba ki iya tashi, ba ki iya juyawa, sai an ɗaga ki.

A wurin aikinmu rumfar kara ce, maza fiye da goma a ciki. Ba wurin da zan ajiye ki. A ƙauye kuwa waɗanda suka rage, su ma masu neman a ɗaga su ne.

Nan na tuna da gidan nan na gefen Madawa. Wasu masu hali na gari ne suka gina shi bayan yunwar farko, don tsofaffin da ba su da kowa. Ɗakuna shida a jere, rufin kwano, bishiyar dogonyaro ɗaya a tsakar gida, makewayi a can ƙurya. Akwai mai dafa abinci, akwai wata mata mai wanke tsofaffi mata da safe, akwai malamin jinya da ake ce wa Majo, yana zuwa duk Alhamis. Mai kula da gidan kullum, mai raba abinci, mai ɗaga wanda ba ya tashi, shi ne Isuhu. Ya samu aikin bayan rasuwar Hajo.

Inna, ranar da wannan dabara ta faɗo mini, har na yi wa kaina kirari. Na ce wasu na kai iyayensu hannun baƙo, ni kuwa ina da nawa a ciki. Duk wanda na gaya wa sai ya ce na yi sa'a. Dattijon da ke shugabantar gidan ya dafa kafaɗata ya ce: “Ai ka huta. Wa zai riƙe ta kamar surukinta?” Mu duka 'yan ƙasar nan ne, mu duka mun san abin da ke tsakanin mace da mijin ɗiyarta, amma ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Da cewa na yi zan kai ki gidan Isuhu ki zauna, da garin ya taru ya zage ni. Da yake wurin aikinsa ne, sai aka sa mini albarka.

Na ɗauko ki a amalanken jaki zuwa bakin hanya, daga nan muka hau kamiyo, babbar motar 'yan kasuwa. Haka muka isa Madawa. Da kika hango wanda ya buɗe ƙofar gidan, sai kika ja mayafi da hannunki mai lafiya kika rufe fuska. Na gani. Na ce a raina, Inna dai da kunya, har na yi murmushi.

An haɗa ki ɗaki da wata tsohuwa daga Ibohamane, sunanta Raisha. Ido ɗaya gare ta, ƙafafu sun mutu, amma bakinta ya ishi mutum uku. Tana Hausa da karin Buzanci. Ranar farko ta dube ni sama da ƙasa ta ce: “Wanga ne ɗan naki? To, Allah Shi ƙara mai tsawo, ko da kamu guda.” Na ji kin yi dariya a cikin mayafi. Da wannan dariyar na koma Kaita, hankalina kwance.

Abin da ya biyo baya, ban gan shi da idona ba. Daga baya na tattara shi, wani daga bakin Raisha, wani daga bakin Isuhu.

Gidan yana da doka. A shekarar nan, dangin tsofaffi kan zo bayan katanga da yunwarsu, tsoho ya miƙa musu tuwonsa ya kwana haka nan. Shi ya sa Majo ya ce dole mai kula ya tsaya a kan kowa har ya gama ci, sannan ya ɗauke kwano. Doka ce ta tausayi, ba na ganin laifinta. A ɗakuna biyar ta yi aiki. A ɗakinki, Isuhu kan cire takalmi a waje, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya gaishe ki yana kallon ƙasa, ya turo kwanon iyakar tsawon hannunsa. Sannan ya juya baya ya tsaya, don doka ta ce ya tsaya. Ke kuwa tun da aka haife ki ba ki taɓa jin macen da ta tauna abu surukinta na jin motsin bakinta ba. Sai ki jira ya tafi. Shi kuma ba zai tafi ba sai da kwano.

Kin san in kwanon ya koma da tuwo, Majo zai ce mai kula bai yi aikinsa ba. Sai ki tura wa Raisha. Wani lokaci ki gutsiri ɗan kaɗan ki ɓoye a bakin zane, ki ci bayan ya wuce. Isuhu ya miƙo hannu ta baya ya ja kwano, ya ji shi sakayau, ya gode wa Allah.

Da haka kaɗai ne, da kin rame amma kin kai damina. Sai matar nan mai wankan safe ta bi mijinta kudu, wata ɗaya da zuwanki. Ba a samu wata ba. Aikinta ya koma kan Isuhu. Sauran tsofaffin mata, ya ɗauke su kamar iyayensa, ya kai su makewayi, ya juya su, ya canza musu shimfiɗa. Ke kuwa kullum sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce: “Ko Inna na da bukata?” Ki ce wa bango: “Babu.” Raisha ta ce daga ranar kika rage shan ruwa, ɗan gutsuren bakin zanen ma kika daina. Kin yi lissafinki tsaf: abin da bai shiga ba, ba zai nemi fita ba, kuma ba za a kira mijin Hajo ya ɗaga ki ba. Mai dafa abinci kan leƙo ta taimaka in ta samu sarari, amma mace ɗaya ce da tukunyar mutum goma sha ɗaya.

Majo na zuwa duk Alhamis. Ya tsaya a ƙofa ya ce: “Akwai mai ciwo?” Masu tari su yi tari, masu ƙafa su nuna ƙafa. Ke kina kwance lulluɓe, tsaf, ba ƙorafi. Ya taɓa ce wa Isuhu da duka gidan irinki ne da ya huta.

Ni fa? Sau huɗu na zo, Inna. Bari in faɗi nawa, tun da na faɗi na kowa.

Nakan zauna a dokin ƙofa, in gaishe ki, ki amsa kina kallon rufi. In ajiye ɗan ƙuli-ƙuli ko dabino. In tambayi Isuhu ko kina ci, ya ce: “Wallahi Yaya, kwanonta fes yake dawowa.” Kuma gaskiya ya faɗa. Daga nan sai ki ce da Raisha: “Ki ce ma baƙonmu hanya da nisa, shi tashi tun da sauran rana.” In tashi. Na ga fuskarki ta zube, na ce ai shekarar ce, kowa ya zube. Abu ɗaya kika taɓa nema a wurina, shi ma ta bakin Raisha: turaren wuta. Na yi murna ƙwarai. Karo na farko a rayuwata uwata ta roƙe ni abu. Na sayo mai kyau a kasuwar Buza, kowane zuwa ina ƙarawa. Ɗakin na ƙamshi, ni ina alfahari. Ban taɓa tambayar kaina me ake rufewa da shi ba.

A zuwa na biyar, da hantsi, na zauna inda na saba. Kin fara cewa a gaya wa baƙo hanya da nisa, ba ki ƙarasa ba. Sai Raisha ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce: “Ni na gaji da aiken ga. Kai, gajere! Dube ni da kyau. Ka ga wanda ya yi kumatu a shekarar nan in ba ni ba? Tuwon uwarka ne. Ta sa na rantse, yunwa kuma ta riƙe mani baki. In akwai kaffara in yi. Tashi ka ɗaga bargon can, in kai ɗa ne.”

Kin ce: “Kada.” Ni kika ce wa, ba bango ba.

Na ɗaga.

Ba zan rubuta duka abin da na gani ba. Mutane za su karanta, kuma jikinki ne. Iyaka dai, bayanki da ƙugunki sun ɓare, tabarmar ta manne da mikin, ƙafafunki sun zama kamar karan dawa. Wata uku kina kwance a ɓari ɗaya. Ni da na yi dakon duwatsu duk rani, da na ɗaga ki sai na kusa faɗuwa baya, don na sa ƙarfin da babu abin da zai ɗauka.

Isuhu ya ji muryata ya sheƙo. Ya tsaya a bakin ƙofa yadda ya saba, sannan a karon farko ya ɗaga kai ya duba ciki. Ban taɓa jin namiji ya yi irin wannan kukan ba, kuma ba na fatan in sake ji.

An kira Majo daga cikin gari. Yaro ne da ya yi karatu a Yamai, ba ɗan yankinmu ba, amma shi ma ya san kunyar surukai, a garinsu ma akwai ta. Ya wanke mikin yana faɗa, rabi Hausa rabi Faransanci. Ya ce: “Don Allah, a cikinku duka ba wanda zai gaya mini surukarsa ce?” Dattijon gidan ya ce: “Ai kowa ya sani.” Majo ya ce shi bai sani ba. Ba ɓoyewa muka yi ba. Mu a wurinmu abin alheri ne, ba a kai wa likita ƙarar alheri.

Ban koma Kaita ba. Na shimfiɗa tabarma a ɗakinku, Raisha na tsokanata wai ta samu miji a tsufa, sai dai gajere. Majo ya koya mini yadda ake juya mutum, yadda ake sa tsumma mai laushi a ƙarƙashin ƙashi, yadda ake wanke miki da ruwan gishiri. Na yi miki abin da ba a taɓa jin ɗan fari ya yi wa uwarsa a garinmu ba. Kin runtse ido, ni ma na kan kau da kai in ya yiwu, amma hannu ya yi aikinsa.

Da na dama kunu na kawo, kin dubi ludayin kin dube ni. Kika ce: “Ruhe ƙohwa.” Na rufe. Kin sha ludayi uku. Washegari biyar. Na fara sa rai. Har na ce da Raisha kumatunta sun kusa komawa inda suka fito, ta ce in bari sai ta yi bankwana da su.

A kwanakin nan kin yi mini magana fiye da duk wadda kika yi mini tun haihuwata, kuma duka ba ta kai cikin tafin hannu ba. Kin tambaye ni ko ciwon kunnen da na yi ina yaro yana tashi. Ashe kin sani. Kin ce Kaka ba ta iya ɗaure wa yaro kai ba, ke ce kike zuwa ki gyara in ta fita. Sannan kin ce: “Kada a kore yaron can daga aiki. Bai yi komi ba.”

Bai yi komai ba. Na daɗe ina juya wannan magana.

Majo ya ce mikin ya riga ya shiga jini. Kwana tara kika yi a hannuna. Ranar ta goma, bayan azahar, kina jingine a ƙirjina ina ba ki ruwa, kika yi salati, shi ke nan.

Isuhu ne ya haƙa kabarinki. Ya hana kowa taɓa magirbin, ƙasar kuwa ta yi tauri kamar dutse. Ba a kore shi ba, shi ya bar aikin da kansa bayan sadakar bakwai. Gidan ya ɗauki mata biyu. Majo ya kafa sabuwar doka: duk tsohon da aka kawo, kafin a tambayi ciwonsa sai an tambayi me ke tsakaninsa da ma'aikata, kuma kowace Alhamis sai an ɗaga bargon kowa, ko yana so ko ba ya so. Raisha ta ƙara shekara biyu, nakan kai mata taba gari. Wasu sun amfana, Inna. Da bayanki aka saya musu.

Gidan ya mutu tun kafin a shiga shekarun casa'in. Masu halin sun tsufa, 'ya'yansu ba su ɗauka ba. Yanzu wani ɗan kasuwa ne ke ajiyar albasa a ɗakunan. Na leƙa bara. A ɗakinku na tarar da ma'aikata biyu suna juya albasa ɗaya bayan ɗaya, suna duba ƙarƙashin kowace, don kada wadda ta daɗe a ɓari ɗaya ta ruɓe. Suka ce kullum sai sun yi. Na ce madalla, Allah Ya ba da kasuwa.

Ban zagi kunya ba, kada ki ɗauka haka. Da ita aka raine ni, kuma na ga gidajen da babu ita, ban yi sha'awarsu ba. Amma ni ne na ɗauke ki na kai ki inda za ta zama ajalinki, sannan na zauna a dokin ƙofa sau huɗu ina shaƙar turare. Wannan nawa ne. Ki yafe mini.

Yanzu ga dalilin takardar. Ran Juma'ar da ta wuce muka kai Isuhu makwancinsa. Ya sake aure, ya bar 'ya'ya da jikoki, ya yi ciwonsa a gidansa, ana juya shi safe da yamma. Kwana biyu kafin ya cika ya sa aka kira ni. Ya kori kowa daga ɗakin. Ya ce: “Yaya, kullum ina jin numfashinta ta bayana. Taku ɗaya ne tsakaninmu. Da na waiwaya sau guda.” Na gaya masa abin da kika ce, cewa bai yi komai ba. Ya ce ai laifin ke nan. Sannan ya ce a binne shi a maƙabartarku, amma don Allah kada a sa shi kusa da ke, a ɗan ba da tazara.

Mun ba da tazarar. Kabari shida ne tsakaninku, da wata 'yar aduwa.

Ban san yadda al'amarin can yake ba, malamai ne suka sani. In ana haɗuwa, na san shi zai tsuguna, ke kuma za ki nemi danga. Roƙona ɗaya. Ki bari ya ga fuskarki, ki ce masa ya tashi. Ya daɗe a tsugune.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya sanyaya miki bayan da ya sha zafi, Ya shayar da ke daga tafkin Manzo har ki ƙoshi. Allah Ya jiƙan Hajo da Kaka da Raisha, Ya gafarta wa Isuhu, Ya gafarta mini. Tsofaffin da ke kwance a ɗakunan mutane suna cewa babu komai, Allah Ya ba su mai dubawa. Amin.

Ni ne babban ɗanki,
daga Madawa, ranar Talata bayan la'asar.